Kafin Ka Danna Fara: Yadda Ake Saita Sabon Gem Daki-daki

Kowane gem yana zuwa ne da setin da kamfani ya zaɓa wa kowa da kowa. Bai san girman allonka ba, bai san ƙarfin na'urarka ba, balle yadda hannunka ya saba juya kamara. Shi ya sa za ka ga mutum ya buɗe sabon wasa da ɗoki, sai kogo ya yi duhu ƙirin, kiɗa ya danne magana, kamara ta riƙa jan ƙafa, bayan rabin awa kai ya fara sarawa, daga nan a yanke hukunci cewa gem ɗin ne ba shi da kyau. Sau tari ba laifinsa ba ne. Minti 15 zuwa 20 a shafin setin na kawar da mafi yawan waɗannan matsaloli, amma fa sai an bi su a jere. Wanda ya gyara hasken gem kafin ya gyara talabijin, aiki biyu zai yi. Daga waje ake farawa a shigo ciki: allo da na'ura tukuna, sai zaɓin da ba a janyewa, sai hoto, sai hannu, sai kunne.

Fara da abin da ke wajen gem

Bari sabuntawar ranar farko ta gama sauka kafin ka taɓa komai. A cikinta ake gyara manyan kurakurai, wani lokaci ma takan mayar da setin da ka yi yadda yake tun fari. A kwamfuta, sabunta direban katin girafik, wato shirin da ke tafiyar da katin da ke zana hoto, daga manhajar Nvidia, AMD ko Intel, domin manyan gem kan fito tare da direban da aka gyara dominsu. In ka buɗe ka ga wani layi yana cika a hankali ana haɗa shader, kar ka tsallake shi. Ƙananan umarni ne da ake fassara wa katinka yadda zai zana haske da inuwa. In ba a gama su yanzu ba, a tsakiyar wasa za a yi su, kuma duk sanda sabon abu ya bayyana sai hoton ya ɗan cije.

Mai wasa a talabijin, abu na farko shi ne Game Mode. Talabijin kan yi wa hoto kwalliya iri-iri kafin ya nuna shi, kwalliyar nan kuwa tana cin lokaci. A wasu, tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako takan haura milisakan 80, amma a Game Mode yawancin na zamani suna sauka ƙasa da 20. Masu ALLM, wato tsarin da ke kunna Game Mode da zarar an fara wasa, kan shiga da kansu, duk da haka ka duba da idonka, domin kowace kafar HDMI setinta daban. Mai son 4K a 120Hz, wato allo ya sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, kuma sai ya samu kafar HDMI 2.1 da waya mai tambarin Ultra High Speed. Talabijin da yawa kafa biyu kaɗai cikin huɗu ke iya wannan, saboda haka karanta rubutun da ke jikin kafar.

A kwamfuta akwai kurakurai uku da ke yawan cin mutane. Wayar monita a jone a kafar da ke sama ta uwar allo, wato motherboard, maimakon ta katin girafik da ke ƙasa. Monita mai 144Hz da Windows ya bari a 60 tun ranar da aka saye ta. A setin allo na Windows ake canza wannan, ba a cikin gem ba. Sai laftof da ake wasa da ita babu caja a jone, wadda ke rage ƙarfinta da kanta don ta tanadi batir.

Wanda ya saya a Steam ya lura da agogo. Ana mayar da kuɗi ne cikin kwana 14 in wasan bai kai awa 2 ba, kuma zaman da ka yi a shafin setin yana cikin lissafi.

Zaɓin da ba ya komawa baya

Kafin ka shagala da hoto, karanta shafin matakin wahala har ƙarshe, ƙananan rubutun ma. Yawancin gem suna barin ka canza a kowane lokaci, amma ba duka ba. Tsarin Ironman na XCOM ajiya ɗaya tak yake ba ka, ba damar komawa baya ka gyara kuskure. Honour na Baldur's Gate 3 ma haka, in duk tawagarka ta mutu, matsayin ya tafi. Wasu kuma suna ba da kofin yabo ne ga wanda ya gama a mataki mai wuya, sassautawa sau ɗaya tak ta hana ka shi. Shawararmu ita ce a zagayen farko ka ɗauki matsakaici, in ka ga mutuwa ta fi jin daɗi yawa ka sassauta, babu abin kunya a ciki. Duba kuma ko an rarraba wahalar kashi-kashi. The Last of Us Part II na 2020, wanda ya zo da zaɓi sama da 60 na sauƙaƙa wasa ga masu buƙata ta musamman, yana barin ka ƙara wa abokan gaba kaifi amma ka bar harsashi da magani a wadace.

A wasan intanet, zaɓin yanki ko saba, wato kwamfutar kamfani da ake haɗuwa a kanta, na iya ɗaure ci gabanka a wuri ɗaya. Ɗauki wanda ping ɗinsa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ya fi ƙanƙanta: ƙasa da milisakan 50 lafiya lau, in ya haura 100 za ka fara ji a wasan harbi da na ƙwallo. Tambayi inda abokanka suke kafin ka ƙirƙiri ɗan wasa. Tabbatar ajiyar kai-tsaye a kunne take, da kwafinta na intanet. A Steam da Xbox kyauta ne, a PlayStation sai da PS Plus, a Switch sai da Nintendo Switch Online. In akwai yara a gida, sa lambar sirri a kan sayayya tun yanzu.

Haske

Kusan kowane babban gem zai nuna maka wata alama a kan baƙin allo, ya ce ka ja ma'auni har sai da ƙyar ake ganinta. Da ƙyar ɗin ake nufi. Mutane da yawa kan ƙara har alamar ta fito sarai don tsoron duhu, sai baƙi ya koma toka-toka, dare ya zama kamar hazo, duk aikin da aka yi a kan haske da inuwa ya tashi a banza. Yi wannan gyara a cikin hasken ɗakin da ka saba wasa. In rana ce ke dukan allon, ja labule ko ka ƙara hasken talabijin ɗin kansa, ka bar ma'aunin gem a inda yake.

In ka ja ma'aunin har ƙarshe alamar ta ƙi fitowa, ko kuwa baƙi ya ƙi zama baƙi, matsalar tana wani wuri. Tsari biyu ne na aika launi ta HDMI: cikakke, daga 0 zuwa 255, da taƙaitacce, daga 16 zuwa 235. Idan na'ura na aika ɗaya allo yana jiran ɗayan, ko dai hoton ya koɗe, ko inuwa ta haɗiye duk abin da ke cikinta. Bar su biyun a kan zaɓin kai-tsaye, ko ka daidaita su da hannu.

HDR kuwa, wato tsarin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto, daga na'ura ake fara gyara shi. PS5 da Xbox duk suna da shafin auna shi, Windows 11 ma yana da manhajar Windows HDR Calibration. In talabijin ɗinka na da HGiG, zaɓin da ke bar wa gem aikin daidaita hasken HDR, kunna shi kafin awon, don kada gem ya gyara haske talabijin ya sake gyarawa a kai. Monitar da ba ta wuce DisplayHDR 400 ba, mu dai kashe HDR muke ba da shawara. Ba ta da ƙarfin hasken da zai fito da shi, hoton da babu HDR ya fi kyau a kanta.

Firem: nan ne aikin yake

Motsin da kake gani hotuna ne da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sunansa firem, adadinsu a daƙiƙa kuma shi ne FPS. A firem 30 kowane hoto na zama milisakan 33.3 a allo, a 60 yana zama 16.7, a 120 kuma 8.3. Gwargwadon gajartar wannan lokaci, gwargwadon saurin da gem ke amsa hannunka. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne tsayawa daram. Firem 60 da ba ya motsi ya fi 90 da ke faɗowa 45 duk sanda faɗa ya kaure, domin a daidai lokacin da kake buƙatarsa ne zai ci amanarka.

A PS5 da Xbox Series X zaɓin yawanci biyu ne: na kyan hoto, wanda kan tsaya a 30, da na sauri, wanda ke neman 60. In wasan na harbi ne, ko faɗa, ko tsere, ko ƙwallo, ɗauki na sauri ba tare da shawara ba. Daga kujerar da ke mita 2 ko 3 da talabijin, bambancin kaifin hoto kaɗan ido ke kamawa, amma bambancin 30 da 60 hannu na jin sa nan take. Wasu gem na ba da 40 ga mai allon 120Hz. Kar ka raina shi: milisakan 25 ne, tsakiyar 33.3 da 16.7 daidai wa daida, saboda haka ya fi kusa da 60 fiye da yadda lambar ke nunawa. Kunna VRR in allonka na da shi, shi ke sa allo ya bi saurin gem maimakon hoto ya riƙa tsagewa. PS5 na da shafin Game Presets inda za ka zaɓi sauri, matakin wahala, juyin kamara da rubutun magana sau ɗaya, gem ɗin da suka san da shi su ɗauka da kansu.

Kwamfuta ta fi buƙatar haƙuri. Kunna ma'aunin FPS na Steam ko MSI Afterburner. Sa risolushan, wato yawan ɗigon hoto, a kan ainihin na monitarka, ka ɗauki matakin kyan hoto da ke ƙasa da na ƙoli, domin na ƙolin kan ci ƙarfi mai yawa a kan bambancin da sai an tsaya an ƙura ido ake gani. Sannan ka je wuri mai nauyi, tsakiyar gari mai cunkoso ko daji mai ruwa da hazo, ba ɗakin farko da babu kowa ba. In gem ɗin na da gwajin kansa, yi amfani da shi.

In firem bai kai inda kake so ba, ga jerin abin da ake ragewa. Fara kashe RT, wato bin diddigin haske, shi ne ya fi kowa ci. Sai inuwa, ka sauke ta mataki ɗaya. Sai hazo da gajimare masu kauri, sai madubin ruwa da gilashi. Kyan fatar abubuwa, wato zanen jikin bango da tufafi da ƙasa, shi ba ƙarfin kati yake ci ba, ma'ajiyarsa ta VRAM yake cikawa. Muddin ma'aunin da gem ke nunawa bai wuce kashi 85 zuwa 90 cikin 100 ba, bar shi a sama. In ya cika, alamarsa ba raguwar firem a hankali ba ce, tsayawa ce cak ta ɗan lokaci, da bango da ke fitowa a dame kafin ya washe. Tacewar AF kuwa, mai washe zanen ƙasa da bango da ake hange a karkace, sa ta a 16x, kusan ba ta cin komai.

Yawan ɗigon hoto shi ne babban kaya: 1080p ɗigo miliyan 2.07 ne, 1440p miliyan 3.69, 4K miliyan 8.29, ninki huɗu na 1080p. DLSS na Nvidia, FSR na AMD da XeSS na Intel suna zana hoton ne a ƙarami su faɗaɗa shi. A DLSS da FSR, matakin inganci na zana kashi 67 cikin 100 na kowane gefe, matsakaici kusan 58, na sauri 50. Ke nan a allon 4K matakin inganci daga 1440p yake tasowa, kuma yana da kyau ƙwarai. A allon 1080p kuwa daga 720p yake tasowa, in ka sauka ƙasa da haka gashi da waya da ciyawa za su fara rawa. Ƙirƙirar firem na tsakiya da DLSS 3 ya kawo a 2022 tana sa motsi santsi, amma ba ta ƙara saurin amsawa, ragewa ma take yi. Kar ka kunna ta sai ainihin firem ɗinka ya kai wajen 60.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke hana ɓata lokaci. Sauke risolushan sosai na minti ɗaya. In firem ya tashi, katin girafik ne ya gaza, ci gaba da ragewa kamar yadda aka faɗa. In bai motsa ba, furosesa ce ta kai iyakarta, kuma rage inuwa ba zai yi komai ba. Rage yawan jama'a da motoci da nisan da ake zana abubuwa.

Daga ƙarshe ka ɗaure firem. Mai G-Sync ko FreeSync, wato VRR na kwamfuta, ya sa iyaka 3 ƙasa da saurin monita, wato 141 a kan 144Hz. Wanda ba shi da su, VSync zai hana tsagewar hoto amma zai ƙara jinkiri: kunna shi a wasan labari, kashe shi a na gasa. Inda akwai Nvidia Reflex, mai rage jinkirin amsawa, kunna.

Kwalliyar kamara da faɗin gani

Akwai wasu ƙawa da ake sawa don hoto ya yi kama da na fim: dusashewar motsi, ƙurar fim, rabewar launi a gefen allo, dusashe abin da ke nesa, da duhun kusurwoyi. Kashe ƙurar fim da rabewar launi, ba abin da suke ƙarawa sai datti. Dusashewar motsi tana da amfani kaɗan a firem 30, inda take ɓoye tsalle-tsallen hoto, amma daga 60 zuwa sama kashe ta ko ka bar kaɗan.

Mai jin jiri ko tashin zuciya a wasan da ake gani ta idon ɗan wasa, a nan maganinsa yake. Kashe girgizar kamara da rausayar kai lokacin tafiya, kunna ɗigon tsakiyar allo in akwai, sannan ka faɗaɗa FOV, wato faɗin gani. Ga mai zama kusa da monita, digiri 90 zuwa 105 a kwance ya dace. Mai zama nesa da talabijin zai iya tsayawa ƙasa da haka. Lura dai, wasu gem a tsaye suke aunawa. A allon 16:9, digiri 59 a tsaye shi ne 90 a kwance, 70 kuma kusan 102 ne. Wanda bai san wannan ba ya sa 100 a ma'aunin tsaye, sai gefen allo ya miƙe, abokan gaba su ƙanƙance a tsakiya. Faɗin gani yana cin firem ma, saboda haka sake duba ma'auni bayan ka canza.

Hannu

Nemi filin atisaye ko wani lungu da babu mai kawo hari. Fara da alkiblar kamara: tura analog sama, in kamara ta kalli inda ba ka zata ba, juya ta yanzu, kar ka ce za ka saba.

Sai matacciyar da'ira, wato ɗan filin da ke tsakiyar analog wanda gem ba ya jin motsi a cikinsa. In ta yi faɗi, za ka tura kaɗan ba abin da ya motsa, ka ƙara sai kamara ta zabura ta wuce. In ta yi ƙanƙanta a tsohon pad, kamara za ta riƙa tafiya da kanta. Ga yadda ake yi: cire yatsu daga pad, rage lambar har kamara ta fara zamewa, sannan ka ƙara 2 ko 3. Yi wa kowane analog nasa.

Don saurin juyawa, zaɓi abu siriri kamar turken fitila, ka ɗora saiti a kansa, ka riƙa tafiya hagu da dama kana ƙoƙarin riƙe shi. In kana wuce shi, rage kashi 10 cikin 100. In kana biyo shi a baya, ƙara. Sannan ka gwada juyowa baya gaba ɗaya da turi guda. Saurin lokacin da ka ɗaga bindiga ido daban yake, kuma ya kamata ya gaza na yawo. Taimakon saiti ga mai pad ba maguɗi ba ne, don shi aka gina wasan, bar shi a kunne.

Mai maus ya kashe Enhance pointer precision a Windows da duk wani hanzari ko santsi a cikin gem, domin suna sa tazara ɗaya ta hannu ta ba da juyi daban-daban. DPI, wato ma'aunin saurin maus ɗin kansa, 800 ko 1600 ya isa. Lambar da ke aiki ita ce DPI sau saurin gem: 800 a kan 1.5 daidai yake da 1600 a kan 0.75. Amma wannan lissafi a cikin gem ɗaya kaɗai yake aiki. Don ɗauko saurin da ka saba daga tsohon wasa, sa rula a tebur ka auna santimita nawa maus ke tafiya kafin ɗan wasa ya zagayo inda ya fara, sannan ka nemi wannan tazara a sabon. Yawancin masu wasan harbi suna tsakanin santimita 20 da 50.

Duba maɓallan gudu, durƙuso da saiti: riƙewa ake yi ko dannawa sau ɗaya? Riƙe analog a danne na awanni yana gajiyar da yatsa yana kuma cinye pad. Inda ake cewa ka yi ta bugun maɓalli da sauri, mayar da shi riƙewa. In ka canza wa maɓalli aiki, leƙa shafin mota da na doki da na iyo, don aiki biyu kan haɗu a maɓalli ɗaya ba tare da gargaɗi ba.

Kunne da rubutu

Faɗa wa gem gaskiyar abin da kake ji da shi. In ka bar shi a 5.1 alhali lasifika biyu gare ka, maganar da ya kamata ta fito ta lasifikar tsakiya sai ta yi rauni ko ta ɓace. Madogara mai kyau ita ce magana 100, ƙarar abubuwa 80, kiɗa 60, daga nan ka gyara da kunnenka. Tazarar ƙara mai faɗi ta masu manyan lasifika ce. A lasifikar talabijin ko da dare, ɗauki ƙunƙuntacciya, raɗa ta fito, fashewar bam ta sauko. Sautin 3D ɗaya tak ake kunnawa, ko na gem, ko na na'ura kamar Tempest na PS5, Windows Sonic ko Dolby Atmos. In ka haɗa biyu, ba za ka gane ta ina takun ƙafa ke zuwa ba. Hedfon na Bluetooth kan makara da fiye da milisakan 100, don haka a wasan gasa mai waya ya fi.

Kunna rubutun magana kafin bidiyon farko, wasu ba a iya dawo da shi. Ƙara girmansa, sa masa baƙin bango da sunan mai magana. Mai wahalar rarrabe ja da kore ya nemi inda ake canza launin abokan gaba da na saiti kaɗai, ya fi tacewar da ke sauya launin allo duka.

In a waya ne

Babban abokin gabar waya zafi ne. In ta ɗumama takan rage gudunta da kanta, shi ya sa setin da ya yi santsi a minti 2 na farko ke cijewa a minti na 20. A minti na 20 ɗin ake yanke hukunci. A PUBG Mobile da ire-irensa, ɗauki hoto mafi sauƙi, domin shi ke buɗe firem mafi yawa. Kashe inuwa, kashe tanadin batir da hasken kai-tsaye, cire rigar waya mai kauri, kar ka yi wasa tana caji, ka toshe sanarwa. Sauke taswirori da sauran kaya tun kafin ka shiga. Matsar da maɓallin harbi inda yatsanka ke sauka da kansa, ka ƙara masa girma, ka raba shi da na tsalle don kada su riƙa haɗuwa.

Gwaji, da mafita in abu ya lalace

Canza abu ɗaya, danna tabbatarwa, gwada a wuri ɗaya, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza biyar a tare ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Wasu setin ba sa aiki sai an rufe gem an sake buɗewa. In allo ya yi baƙi bayan canza risolushan, kar ka taɓa komai, yawanci yakan dawo da kansa cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. In bai dawo ba, Alt da Enter na mayar da gem cikin taga. In ya ƙi buɗewa sam, fayil ɗin setin yana cikin Documents ko AppData ƙarƙashin sunan gem ko na kamfanin. Canza masa suna maimakon gogewa, ka tabbatar ba fayil ɗin ajiyar wasa ka taɓa ba, gem ɗin zai ƙirƙiri sabo. Da zarar komai ya zauna, ɗauki hoton kowane shafin setin, musamman na saurin kamara da maɓallai, domin babbar sabuntawa ko sake girka gem na iya share su duka.